Yadda Ake Horar da Ɗanyen Doki Har Ya Ji Linzami da Ƙafar Mahayi

Da zarar azumi ya raba tsakiya, sai ka fara ganin samari a bayan gari da dawakin da aka sayo kwanan nan, an ɗaura musu sirdi, an cusa musu linzami mai nauyi, ana so kafin ranar hawa su iya sukuwa da zamiya har da rawa. Wasu dawakin ko haƙoran nono ba su gama zubarwa ba. Kafin mako biyu bakin doki ya fashe, ya koyi taɓarya (miƙewa tsaye da ƙafafun baya) da tutsu, sannan a ce ai mugun doki aka sayo. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin akasarin dawakin da ake kira mugaye, hannun mutum ne ya mai da su haka tun suna ɗanyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake son ya hau dokinsa a Hawan Daushe ko Hawan Bariki hankali kwance, tun watanni kafin nan zai fara aiki.

Akwai ƙa'ida guda da duk horon ya ginu a kanta, kuma ina so ka riƙe ta kafin ka taɓa igiya. Doki yana gane abin da ake so ne a lokacin da aka sassauta masa. Ka matsa masa kaɗan, da igiya ko da ƙafa ko da linzami, shi kuma ya shiga laluben abin da zai yi matsin ya tafi. Ya gwada wannan, ya gwada wancan. Da ya dace da abin da kake nufi, ka saki nan take, cikin sakan ɗaya. Sakin nan shi ne yake gaya masa ya yi daidai. Idan ka ci gaba da ja bayan ya tsaya, ka koya masa cewa tsayawa ba ta da amfani, gobe sai ya nemi wata hanyar, watau ya ɗaga kai sama ko ya miƙe da ƙafafun baya.

Fara da duba bakinsa da jikinsa

Ko a Maigatari ka sayo shi ko a gidanka aka haife shi, buɗe leɓensa ka dubi haƙoran gaba. Haƙoran nono ƙanana ne, farare, masu ɗan siririn wuya a wajen dasashi. Na tsakiya suna zubewa a maye gurbinsu da na girma wajen shekara 2 da rabi, na kusa da su wajen shekara 3 da rabi, na gefe kuwa wajen shekara 4 da rabi. Sai ya kai shekara 5 bakinsa yake cika. Ƙasusuwan ƙafa suna riga na gadon baya ƙosawa, ƙashin gadon baya kuwa, wanda shi zai ɗauke ka, ba ya gama ƙwari sai wajen shekara 5 zuwa 6. Don haka dukushi ɗan shekara 2 aikin ƙasa kawai ya dace da shi. A shekara 3 ana iya fara hawansa sama-sama, mahayi mara nauyi, na ɗan lokaci. Sukuwa mai tsanani da zamiya da ɗaukar kayan ado masu nauyi su jira sai ya haura 4. Masana dawaki suna ƙiyasta cewa kada nauyin mahayi da sirdi ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin doki, ga ɗanye kuwa ƙasa da haka ya fi.

Ka kira likitan dabbobi ya ba shi maganin tsutsar ciki, ya duba turamen haƙoransa ko akwai masu kaifi da ke yankar kumatu, da wani ɗan ƙaramin haƙori da kan fito daidai inda linzami ke zama. A gyara masa kofato. Dokin da ke jin ciwo ba ya ɗaukar karatu.

Aikin ƙasa

Makonnin farko ragama ce kawai, watau abin ɗaure kan doki mara ƙarfen baki, da igiya. Ka shafe shi ko'ina da hannu: wuya, kafaɗa, ƙirji, ciki inda majayi (ɗamarar da ke riƙe sirdi) zai bi, kuturi, kunnuwa, har cikin gefen baki. Inda ya noƙe, koma inda ya yarda, sannan ka sake matsowa a hankali. Doki ba ya ganin abin da ke daidai bayan wutsiyarsa da abin da ke dab da goshinsa, saboda haka kada ka ɓullo masa ta nan ba magana. Ka zo ta kafaɗa, kana yi masa murya.

Daga nan ka koya masa abubuwa huɗu, duk da ƙa'idar matsi da saki. Ka tsaya a gefen kafaɗarsa ta hagu, ka ɗan ja igiya gaba kana cewa "mu je", ya ɗaga ƙafa ɗaya, ka saki. Ka tsaya cak, ka ɗan riƙe igiya baya kana cewa "tsaya" da murya mai ja, ya tsaya, ka saki. Ka sa yatsu a ƙirjinsa ka danna har ya ja da baya taku ɗaya. Na huɗu, wanda mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne tushen jin ƙafar mahayi: ka sa babban yatsa a haƙarƙarinsa, ɗan bayan inda majayi ke zama, daidai inda dunduniyarka za ta taɓa idan ka hau. Ka danna a hankali. Idan bai motsa ba, ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan, kada ka cire hannu. Zai yiwu ya jingino maka, domin ɗabi'ar doki ce ya tura abin da ya tura shi. Ka daure. Da ya gusa da ƙafar baya taku ɗaya zuwa ɗaya gefen, cire hannunka ka shafa masa wuya. Bayan 'yan kwanaki za ka ga taɓawa kawai ta isa.

Duk abin da ka koya masa ta hagu, ka sake koya masa ta dama daga farko. Abin da ya saba da shi ta gefe ɗaya, sau da yawa sai an sake saba masa da shi ta ɗaya gefen.

Zama ɗaya kada ya wuce minti 15 zuwa 20. Hankalin ɗanyen doki ba ya jure fiye da haka, kuma gara a yi kaɗan kullum da a tara masa aikin mako a rana guda. Da sassafe ko bayan la'asar ya fi, musamman a bazara.

Idan ya iya waɗannan, ka sa masa doguwar igiya mai kamar mita 7 ko 8, ka tsaya a tsakiya, ya riƙa kewaya ka a fili mai laushin ƙasa. A nan zai haɗa murya da tafiya: kalma guda ta tafiya, kaɗa harshe na sassarfa, "tsaya" ta tsayawa. Kada ka sauya kalmomin, kuma duk mai kula da shi a barga ya yi amfani da su. Kada a daɗe ana kewayen, yana gajiyar da gaɓoɓin ƙaramin doki.

Sirdi

Fara da jalala kaɗai, watau shimfiɗar da ake sawa a ƙarƙashin sirdi. Bari ya shinshina, ka goga masa a wuya da kafaɗa, ka ɗora a bayansa, ka sauke, ka sake ɗorawa. Washegari ko jibi ka kawo sirdi, ka ajiye masa a hankali, kada ka jefa. Majayi shi ne abin tsoro. Ka ɗaure shi sako-sako yadda sirdi ba zai zame ba kawai, ka ja dokin ya yi 'yan taku, ka ƙara ɗaurewa kaɗan, ya sake tafiya, sannan ka ƙarasa. Wanda aka shaƙe masa ciki da majayi rana ɗaya, har ya tsufa yana kumbura ciki yana kai cizo duk sanda aka zo ɗaura sirdi. Ka ɗaure likkafu sama tukuna don kada su riƙa dukansa, ka sa shi kewaye a doguwar igiya. Idan ya yi 'yan tsalle-tsalle, bar shi ya ci gaba da tafiya har ya huce, kada ka dake shi kuma kada ka yi saurin sauke sirdin. Bayan kwana biyu ko uku ka sako likkafun su riƙa lilo.

Sirdinmu na gargajiya katako ne a ciki, kuma yana da nauyi. Ka tabbata akwai shimfiɗa mai kauri a ƙarƙashinsa, kuma gabansa bai zauna a kan ƙashin da ya yi tudu a gindin wuya ba. Idan ka sauke, shafa bayan da tafin hannu. Wurin da ya yi zafi ko kumburi ko gashi ya murje, mafarin miki ne, a huta da sirdi sai ya warke.

Linzami

A nan aka fi ɓata dawaki, don haka zan daɗe a kai. Tsakanin haƙoran gaba da turame akwai fili a bakin doki wanda ba haƙori, dasashi ne siriri a kan ƙashi. A nan ƙarfen linzami yake zama. Sa yatsanka ka danna wurin, za ka ji yadda ba nama. Linzaminmu na gargajiya, mai tudu a tsakiya da zoben da ke kewaye haɓa, idan aka ja shi yana danna ganɗa ta sama, yana matse muƙamuƙi ta ƙasa a lokaci guda. An ƙera shi ne don gogaggen doki a hannun gogaggen mahayi, wanda da motsin yatsa kawai yake tsai da ingarma a tsakiyar jafi, watau sukuwar gaisuwar sarki. A bakin ɗanyen doki, a hannun mai fizga, yanka yake yi. Dasashin da ya sha rauni yakan yi kanta ya daina ji, daga nan sai ƙarin ƙarfi da ƙarin ƙarfe, abin ba ya ƙarewa.

Ka nemi linzami mai santsi mai gaɓa a tsakiya da zobe a kowane gefe, irin wanda ake samu wurin masu dawakin ƙwallo da na tsere a Kano da Kaduna da Katsina. Wajen sa masa, ka tsaya ta hagu, hannun dama a kan ƙeyarsa, ƙarfen a tafin hannun hagu. Ka zura babban yatsa a gefen bakinsa inda ba haƙori, zai buɗe da kansa. Kada ƙarfe ya bugi haƙora, wajen sawa ko wajen cirewa. Wasu suna shafa ɗan zuma a ƙarfen a kwanakin farko, kuma yana taimakawa. Tsayinsa ya zama ya ɗan taɓa kusurwar leɓe har fata ta ɗan tattare kaɗan. Idan ya yi ƙasa da yawa zai riƙa ɗora harshe a kansa.

Kwanaki uku ko huɗu na farko ya sa shi kawai na 'yan mintoci, ba kamazuru (igiyar linzami da mahayi ke riƙewa), kana jansa da ragama. Zai yi ta tauna yana wasa da harshe, wannan daidai ne. Bayan nan ka sa kamazuru, kana tsaye a ƙasa a gefen kafaɗarsa. Ka ɗauki na hagu ka riƙe da ɗan nauyi, kamar nauyin da za ka riƙe hannun yaro da shi. Jira. Da ya karkato da hancinsa wajenka ko da ɗan kaɗan, saki gaba ɗaya. Haka ta dama. Sannan ka riƙe biyun tare kana cewa "tsaya", daga baya kuma ja da baya taku ɗaya. Tunda ya riga ya san kalmar, linzamin zai zo masa da ma'ana.

Hawan farko

Ku zama ku biyu, ɗaya riƙe da ragama, kuma ya kasance wanda dokin ya sani. Wuri mai shinge, ƙasa mai yashi, ba taron 'yan kallo. Mahayi ya sa hular kwano, ya cire kaimi, ya bar babbar riga a gida domin kaɗawarta tana firgita doki. A fara sa shi kewaye kaɗan ya rage zafin jiki.

Ka tsaya a kan turmi ko dakali a gefensa don ya saba ganinka sama da shi. Ka kwanta da cikinka a kan sirdi, ƙafafu a sake, ka sauka. Ka maimaita, mai riƙo ya ja shi taku biyu ko uku kana kwance a haka. Idan ya karɓa, wata rana ka sa ƙafa a likkafa, ka ɗaga ɗaya ƙafar a hankali ba tare da ta goge kuturinsa ba, ka zauna sannu kana sunkuye, sannan ka miƙe zaune kaɗan-kaɗan. Zauna minti ɗaya, shafa wuyansa, sauka. Na ranar ya isa. Ka lura da kunnuwansa da wutsiyarsa: idan ya kwantar da kunnuwa baya, ya matse wutsiya, bayansa ya yi tauri ya ɗago a ƙarƙashinka, bai shirya ba, koma matakin baya. Idan ya sauke kai, ya yi ajiyar zuciya, yana lasar baki, ya natsu.

Tun daga ranar nan ka kafa masa doka: ba ya motsi sai ka zauna daidai ka ba shi izini. Dokin da ya saba tashi da mutum ƙafa ɗaya a likkafa haɗari ne a ranar taro.

Koya masa ƙafa, tsayawa da juyawa

Abu na farko shi ne tafiya gaba, kafin komai. Ka sassauta kamazuru, ka matse ƙwaurinka biyu a jikinsa a hankali, ka ce "mu je". Idan bai tafi ba, mai riƙo ya ja shi. Da ya ɗaga ƙafa, sassauta ƙafafunka. Jerin kullum ɗaya ne: matsi mai sauƙi, sai murya, sai ɗan bugu da dunduniya, sai taɓawa da tsumagiya a bayan ƙafarka idan ta kama. Ko yaushe ka fara da mafi sauƙi, ko da jiya sai da ka kai ga tsumagiya. Da haka zai gane cewa amsa ishara ta farko ta fi masa sauƙi. Kuma idan yana tafiya, bar ƙafarka ta huta. Mahayin da ke bugun ciki a kowane taku, dokinsa yakan daina kula da ƙafa baki ɗaya.

Kada ka taɓa haɗa umarni biyu masu karo da juna, ƙafa tana cewa tafi, hannu yana cewa tsaya. Wannan shi ne babban abin da ke haifar da taɓarya, domin an rufe masa gaba an rufe masa baya, sama kawai ta rage. Na san da haka wasu suke sa doki rawa da ɗaga ƙafa a wajen hawa, amma wannan aikin gogaggen doki ne da ya shekara yana jin ishara, ba na mai wata biyu a ƙarƙashin sirdi ba.

Wajen tsayawa, ka fara da jikinka. Zauna da nauyi a sirdi, daina bin motsinsa da ƙugunka, ka ce "tsaya", sannan ka rufe yatsu a kan kamazuru ka riƙe, ba fizga. Idan ya ci gaba, ka riƙe ka ɗan saki ka sake riƙewa, domin ja mai ɗorewa yana ba shi abin jingina, kuma wuyansa ya fi hannunka ƙarfi nesa ba kusa ba. Da ƙafafunsa sun tsaya, miƙa hannu gaba. Bari ya tsaya sakan biyar, gobe goma, a hankali har ya iya tsayuwar minti biyu ba ƙaiƙayi.

Juyawa kuwa, a farko ka riƙe kamazuru da hannu biyu. Za ka hagu: dubi inda za ka, buɗe hannun hagu zuwa gefe nesa da wuyansa, sassauta na dama don ya sami damar lanƙwasa wuya, ƙafafunka suna riƙe da tafiyar. Kada ka ja baya. Ka yi manyan da'irori, ka riƙa sauya hannu, ka kewaye bishiya ko turmi ko tayoyin da ka jera. Idan ya ƙware a haka, sai ka fara shirya shi don riƙon hannu ɗaya, wanda shi ake bukata a hawa tunda ɗaya hannun yana riƙe da mashi ko sanda ko yana jinjina. Duk sanda za ka hagu, ka fara kwantar da kamazurun dama a wuyansa, sannan ka buɗe na hagu. Bayan makonni zai riƙa juyawa tun daga taɓawar wuyan. Aikin babban yatsan nan da ka yi a ƙasa yanzu zai biya ka: ka ja dunduniya ɗaya baya kaɗan ka danna, sai ya gusa da kuturinsa gefe, abin da za ka bukata wajen daidaita shi a sahu.

Sassarfa ta zo bayan tafiya da tsayawa da juyawa sun zauna. Sukuwa daga baya, a miƙaƙƙiyar hanya mai laushi, kuma kada ta zama ta fuskar gida, in ba haka ba zai koyi kwasa da gudu duk sanda aka juyo.

Idan ya turje ya ƙi gaba, kada ka tsaya kuna ja-in-ja. Buɗe kamazuru ɗaya ka karkatar da shi gefe, ƙafafunsa su motsa, sannan ka miƙe da shi. Idan ka ji yana shirin taɓarya, saki bakinsa, sunkuya gaba, juya shi da hannu ɗaya. Idan kuma dokin da ke lafiya lau ya fara tutsu kwatsam, duba bayansa da bakinsa da majayi kafin ka zarge shi, sannan ka duba abincinsa. Dokin da ake ɗura wa dawa da dusa yana tsaye a turke yini guda dole ya yi zafin kai. Rage hatsi, ƙara harawa da ciyawa, ka ba shi wurin motsa jiki. Dukan fuska kuwa babu shi sam. Manzon Allah (SAW) ya hana dukan dabba a fuska, kuma dokin da aka mara ba ya sake yarda a taɓa kansa cikin sauƙi.

Fita kilisa da shirin taro

Fitar farko ka bi bayan tsohon doki mai natsuwa. Ɗanye yana kwaikwayon babba: idan babban ya wuce babur ko kwalbati bai kula ba, shi ma zai bi. Abin da ya tsorata da shi, bar shi ya tsaya daga nesa ya kalla, ka matso da shi taku-taku, kada ka tilasta shi da bulala, domin zai haɗa abin da zafin duka. Kuma idan kun tsaya hira da abokai, sauka ka riƙe shi, bayansa bai yi ƙwarin da za a mai da shi kujera ba.

Kiɗa da algaita da kakaki da ƙarar bindiga, duk a fara daga nesa, yana cin harawa ko yana tsaye kusa da dawakin da suka saba. A matso da su a hankali cikin makonni. Haka kayan ado: a sa masa ɗaya bayan ɗaya a barga, ya yi yawo da su, kai ma ka hau da babbar riga da rawani a gida kafin ranar. Idan za ka koma linzamin gargajiya, sai bayan ya iya tsayawa da juyawa da mai sauƙin, kuma ka riƙe shi da sassauci fiye da da. Kaimi ma haka, sai ƙafarka ta iya zama shiru a jikinsa, kuma ka kula da likkafu masu faɗi, wasunsu gefensu yana da kaifi.

Daga fara aikin ƙasa zuwa dokin da za a amince da shi a kan hanya, ka sa ran wata uku zuwa shida, wani ya fi haka. A hawansa na farko kada ka sa shi jafi. Ka ajiye shi a gefen ayari kusa da dokin da ya sani, mutum ɗaya yana tafe a ƙasa kusa da kansa, ka fitar da shi tun kafin ya gaji. Da kun isa gida ka sassauta majayi, ka ɗan zaga da shi har numfashinsa ya daidaita, ka sauke sirdi, ka duba baya da kusurwar baki, ka ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, hatsi kuwa sai jikinsa ya huce sarai.